Sallamar Azahar

Ranar da mutanen daji suka tafi da Malam Is'haƙa, ko gardama bai yi ba. Ya shiga ɗaki ya sako rigarsa ta zuwa Juma'a, ya ɗauki buta da carbi, ya hau bayan babur ya zauna ƙyam. Shi ne maigarin Zangon Marke, wani ɗan ƙauye tsakanin Gatawa da Burkusuma, inda in ka hau tudu kana hango gonakin Nijar. Shekara saba'in da ɗoriya gare shi, amma haka ya tafi bai ko waiwayi matarsa Tani ba, tana tsaye bakin zaure da ludayi a hannu.

Abin da ya jawo wannan duka wani ɗan akwati ne da bai kai faifai faɗi ba. Ɗan Malam na fari, Abdulgani, mai gyaran waya da sola ne a kasuwar Sabon Birni. Shekarar da sabis ya ɗauke a yankin, shi ya sayo akwatin daga Maraɗi, ya kafa masa dogon ƙarfe, yana janyo intanet daga ƙetaren iyaka. Da shi 'yan kasuwar garin suke jin yadda wake ya kwana a kasuwar Isa. Da shi ake kiran mai babur in haihuwa ta zo wa mace da gardama. Da shi kuma maƙwabta suke aiko da gargaɗi in sun ga jerin babura sun nufo. Sau biyu garin yana watsewa cikin dawa kafin su iso, su tarar da kaji kawai. To, mutanen daji ba wawaye ba ne. Ranar wata Talata suka zo da rana tsaka, suka ce a fito da abin da ke kai rahotonsu.

Malam ya sa aka kawo musu wani tsohon akwati da tsawa ta ƙone tun bara, haɗe da ƙarfen da wayoyinsa. Ogansu ya jujjuya shi, ya ce ya karɓa, amma maigari zai bi su ya zauna wurinsu har a gama yankan dawa. In har lokacin ba a ji motsin wani akwati ba, zai dawo gida da ƙafarsa. In kuwa aka ji, to kada kowa ya tambayi inda yake. A gaban kowa ya faɗi haka, yana sakace haƙori da tsinke, Allah wadaran mutumin banza.

Akwatin gaskiya yana cikin rumbun Tani, binne ƙarƙashin dammunan gero, wayarsa ta bi ta cikin jinka ta leƙa sama. Malam da kansa ya ba da umarnin ɓoye shi tun da aka fara jin ƙishin-ƙishin za su zo. Ya ce, "Kaka ta yi, mutane na warwatse cikin gonaki. In babu shi, ranar da za su zaka da wuta ba mu da mai hwaɗa muna." Bai yarda a kashe shi ko na yini ɗaya ba.

Akwatin yana da lambarsa ta kansa wadda ba ta canzawa. Duk wanda ya san lambar, ko a Makka yake, yana iya aiko masa da wani ɗan kira da masu aikin kwamfuta ke ce wa ping. Ba rubutu ba ne, ba murya ba ce. Tambaya ce guda ɗaya, kana nan? Shi kuwa akwatin, da yake ba shi da wayo ko na ƙwandala, nan take zai amsa cewa yana nan, ba tare da ya tambayi mai kiran ko wane ne ba.

Da wannan kiran ne Halimat take gaishe da uwarta. Ƙanwar Abdulgani ce, tana aikin kwamfuta a wani ofis a Sakkwato, rabonta da gida shekara biyu saboda hanya. Kullum da hantsi in ta isa ofis sai ta aiko da kira huɗu. In akwatin ya amsa, ta san garin ya kwana lafiya, ba a ƙone rumbu ba. Abdulgani ya jona wasu 'yan ƙwayayen fitila biyu, ya zuro su ta ƙasan rumbun tsakanin duwatsun da ya hau, inda kaji ke fakewa. Rawaya takan ƙifta in kira ya shigo, koriya ta ƙifta in amsa ta fita. Tani takan ja kujerarta nan da faifai a cinya kamar mai tsince wake, in ta ga ƙiftawar sai ta ce a fili, "Lahiya lau, ɗiyata. Kin tashi lahiya?" Tun matan gidan suna yi mata dariya har suka saba.

Da la'asar ɗin ranar da aka tafi da Malam, Abdulgani ya hau tsani ya shiga rumbun. Akwai wata tsohuwar waya da yake ajiyewa can kusa da akwatin, don in an tare mutum a hanya wayar aljihunsa ake fara bincikewa. Ya rubuta wa Halimat abin da ya faru. Ya zaci kuka za ta aiko masa da shi, sai ga tambaya.

"Yaya, ban da ni da kai, wa ya san lambar akwatin?"

Nan take ya tuna. Jabir! Shekara huɗu suna rumfa ɗaya a kasuwar Sabon Birni, shi yana sola, Jabir yana waya. Tare suka kafa ƙarfen nan, kuma a gabansa Jabir ya rubuta lambar a wayarsa. Bara ya ɓace, aka yi ta cigiya, daga baya aka ce an gan shi cikin daji da bindiga a kafaɗa, shi ke gyara musu wayoyi.

Halimat ta rubuto, "To ka rufe amsa yanzun nan, kafin ka sauko. Ba sai sun zo bincike ba, Yaya. Jabir za shi hau tudu inda sabis yake, shi kira lambar, akwatin da kansa shi ba da shaida a kan Baba."

Ya tambaye ta ko za a iya barin ƙofa don ita kaɗai, saboda Inna. Ta ce a'a, lambar da take kira da ita kullum canzawa take, in ya buɗe mata ya buɗe wa duniya. Ta ce daga yau ta daina gaisuwar hantsi, ya ba Inna haƙuri. Ta nuna masa inda zai taɓa, ya taɓa. Saƙon gargaɗi zai ci gaba da shigowa kamar da, amma duk wanda ya kira don jin ko akwatin yana raye, shiru zai ji.

Washegari ana sallame azahar, rawayar fitila ta ƙifta sau huɗu a jere. Koriya ba ta motsa ba. Abdulgani yana tsugune a wurin shi kaɗai. Da ya yi jinkirin kwana ɗaya, da tuni an gama.

Haka abin ya ci gaba. Kullum bayan azahar kira huɗu daga lamba ɗaya, kullum shiru. Bai gaya wa uwarsa ba. Ita dai ta san Halimat ta daina gaisuwa don tsaron ran Malam, ta ce Allah shi kai mu ƙarshen dawa, ta daina jan kujera gindin rumbu. Shi kuwa wani abin mamaki, sai ya zamana yana jiran kiran nan. Muddin suna kira, ba su tabbatar ba ke nan, kuma mahaifinsa yana numfashi.

Ranar kwana na tara Wada ya zo. Tsohon dillalin shanu ne, ya san Fulatanci, ya san hanyoyin daji, shi ke kai saƙo tsakanin gari da mutanen can. Babu mai ƙaunarsa, babu kuma mai iya cewa kada ya shigo. Ya zauna a zaure ya sha ruwa, Abdulgani yana gefe, Tani tana tsaye bayan asabari.

Wada ya ce, "Malam shina gaishe ki, Tani. Ya ce kullum in ya sallame azahar shina roƙon Jabir shi ara mai waya, shi yi sallama ga gidanai. Jabir na tausaya mai, oga bai sani ba. Ya ce kwana takwas ke nan shina sallama, ba a amsa mai."

Abdulgani ya daure ya yi dariya. "Da mi za a amsa mai, Baba Wada? Ba gabanka anka ba su akwatin ba?"

"Ni dai saƙo anka ba ni," in ji Wada, yana duban ƙasan kwanon ruwa. Ya tashi ya karkaɗe riga ya tafi.

Ko ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba Tani ta nufi rumbu. Ta zauna har ladan ya kira, har aka idar da salla. Sai rawaya ta ƙifta sau ɗaya. Ta tsaya, tsawon abin da mutum zai karanta Ƙulhuwallahu. Ta sake ƙiftawa. Ta tsaya. Ta yi ta uku, daga nan ba ta ƙara ba.

Tani ta dafe ƙirji. Haka Malam yake sallama. Ko a ƙofar gidansa ne, sau uku yake yi, yana ba da tazara, in ba a amsa ba ya juya ya koma.

"Malam na," ta ce. "Wallahi Malam na."

"Inna, adadin nan mutum ka sa shi," in ji Abdulgani. "Jiya huɗu sunka yi, shekaranjiya huɗu. In Jabir ya so goma, goma za ki gani."

"Jiya? Ashe ka san shina kira ka ɓoye mani?"

"Ba shi na ba, Inna. Tarko na."

"To wa ya san haka Malam ka sallama?"

"Garin ga dut! Har awakinmu sun sani!"

Ta juya ga fitilar ta ce, "Wa alaikumus salamu, Malam." Ta jira koriya. Koriya ba ta ƙifta ba. Ta ce, a hankali, "Bai ji ba."

Daga ranar gidan ya zama wani iri. Tani ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Kullum kafin azahar tana gindin rumbu, ta amsa sallama sau uku da bakinta, ta share ido da gefen zane, ta koma ɗaki. Tuwo ya daina shiga cikinta. In ya je gaishe ta da safe takan amsa da "lahiya" ɗaya tal, fuskarta na kallon bango. Maƙwabtan da suka san sirrin rumbun suka rabu biyu, wasu na cewa yaron yana da gaskiya, wasu na cewa boko ya busar masa da zuciya. Boko kuwa wane iri, mutumin da ko sakandare bai gama ba!

Ya kai ƙara wurin Halimat. Ta aiko da murya, tana magana tana shessheƙa. Ya sauko da wayar cikin aljihu ya kunna wa uwarsu a ɗaka.

"Inna, don Allah don Annabi kada ki sa Yaya shi buɗe. Ko sau ɗaya. Sau ɗaya ya ishe su. Na'urar nan ba ta san muryar Baba ba, ba ta san ta Jabir ba, kowa ya kira amsa ɗaya za ta ba shi. Ki yi haƙuri, kwana nawa ya rage?"

Tani ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ita tana Sakkwato ƙarƙashin hwanka. Ni ka ganin wutar ga da idona."

Gaskiya Abdulgani ya yi ƙoƙari. Kwana goma sha huɗu ya yi a haka, yana fita gona da sassafe don kada su haɗa ido, yana dawowa da azahar don ba ya iya rashin ganin fitilar. Ya rame. Wani lokaci in rawayar ta ƙifta ta tsaya, har yana jin kamar tarin mahaifinsa a bakin zaure, irin wanda yake yi tsakanin sallama da sallama. Sai ya yi a'uziyya ya tashi. Ya yi tunanin yanke wayar fitilun don uwarsa ta huta, ya ga in ya yi haka cewa za ta yi ya toshe bakin ubansa.

An fara yankan dawa a gonakin tudu, saura kamar kwana tara a gama, Wada ya dawo. Wannan karon bai karɓi ruwa ba.

"Ƙahwar Malam ta kumbura har cinya," ya ce. "Ba shi cin komi sai ruwan hura. Ni dai, Allah na gani, ban ga alamar za shi kai ƙarshen dawa ba." Ya share gumi da hularsa. "Ya ce in hwaɗa maki, Tani, in wani laihi ya yi maki a zamanku, ki yahe mai. Ya ce gobe za shi yi sallama ta ƙarshe, in ba a amsa ba ya san matsayinai, ba shi ƙara damunki."

Wani sauti ya fito daga bayan asabari, ba kuka ba ne, ba magana ba. Abdulgani ya miƙe tsaye, ransa a ɓace.

"Baba Wada, ka ji tsoron Allah. Da idonka ka ga ƙahwar?"

"Saƙo anka ba ni," in ji Wada. Bai ɗago kai ba.

Da safe Abdulgani ya yanke shawara zai cire batirin akwatin, yini ɗaya dai, ko da ya saɓa umarnin Malam. Ya zo ya tarar da uwarsa zaune a kan matakin farko na tsanin. Tun asuba take nan. Ya tsaya, ya rasa ta inda zai fara, ya juya ya tafi gona. Ya yi yanka kamar mahaukaci, ya ce a ransa ba zai dawo ba sai la'asar. Amma ladan na ɗaga murya ya ga ƙafarsa ta kamo hanyar gida.

Tana nan inda ya bar ta, rana ta dake ta, leɓenta ya bushe. Ta tashi daga kan tsanin ta ba shi hanya.

"Abdulgani."

Ya tsaya cak. Shekararsa talatin da takwas bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ɗan fari ne, kunya ba ta barinta. "Kai wanga" take ce masa, ko ta aiki wani ya kira shi.

"Abdulgani, shekara arba'in ina zaune da mutumen ga. Bai taɓa sallama na yi shiru ba, ko muna hushi. Yanzu shina kwance cikin daji shina tsammanin na riƙe shi a zuciya. In ya mutu da wanga tunani, ban yahe maka nonon da ka sha ba, duniya da lahira."

"Inna, kashe shi za su yi."

"Mutuwa shika yi ko da ba su taɓa shi ba. Ka bari shi tahi ya san na yahe."

Wanda bai taɓa tsayawa gaban uwarsa tana faɗa masa irin wannan magana ba, kada ya yi saurin zagin Abdulgani. Ya san gaskiya, ya san ta sarai. Amma yana kallon tsohuwar sai zuciyarsa ta fara kawo masa hujjoji. Jabir ya ci tuwon gidan nan ba adadi, Baba yake ce wa Malam. Ba abin mamaki ba ne ya tausaya wa tsoho. Kuma ciwon ƙafar ai gaskiya ne, Malam ya daɗe da shi. Amsa ɗaya ce, ba ta kai ƙiftawar ido ba, ya buɗe ya rufe. In ogan bai sani ba, wa zai gani? Yana kawo su yana jin ƙaryar da ke ciki, amma ƙafarsa ta riga ta hau tsani.

Cikin rumbun zafi kamar tanderu, ga ƙaiƙayin gero. Ya ture dami biyu, ya durƙusa, ya ɗauko wayar. Ya shiga inda Halimat ta nuna masa. Wani ɗan maɓalli ne a fuskar wayar, bai kai ƙwayar wake ba. Ya ɗora yatsa kusa da shi bai taɓa ba. Daga masallaci ya ji liman ya yi sallama, ya ji takalma suna fita.

"Ga ta ɗaya!" Muryar Tani ta taso daga ƙasa. "Wa alaikumus salamu! Abdulgani, ga ta ɗaya ta wuce!"

Gumi ya zubo masa cikin ido. Ya fara karanta Ƙulhuwallahu ba tare da ya yi niyya ba, don ya san tsawon tazarar ke nan.

"Don girman Allah, ɗana!"

Ya taɓa.

"Ta biyu!" Sai kuma ta ƙwala, "Koriya! Koriya ta kama! Na yahe maka, Malam, na yahe, ni ma ka yahe mani!"

Ya rufe nan take. Ya zauna a kan geron yana jiran ta uku. Ya karanta surar ya gama, ya sake karantawa. Ya zuba wa wayar ido, inda kowane kira ke fitowa a layinsa. Layi biyu ne kawai. Kwana ashirin da uku mai kiran nan bai taɓa yankewa a tsakiya ba.

Da ya sauko ya tarar da uwarsa tana dariya da hawaye a fuska. "Ka gani? Bai yi ta uku ba. Ya ji! Wanda anka amsa mai, mi za shi ƙara sallama?" Ta kama hannunsa biyu ta sa masa albarka, irin wadda bai taɓa ji daga bakinta ba. Ta shiga ta dama fura ta sha rabin ƙwarya, ta aiko masa da saura. Ya karɓa ya ajiye a gefe, ƙudaje suka taru a kai.

Kafin magariba ya sake hawa ya rubuta wa Halimat kalma biyu, "Na buɗe." Ta gani. Ya daɗe yana kallon alamar tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa. Abin da ya zo daga ƙarshe shi ne, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ba ta ƙara komai ba.

Washegari da hantsi Wada ya zo, yana tura babur ɗinsa da hannu. Ya jingine shi a bango, ya tsaya a waje cikin rana, ya ce a kira Abdulgani. Abdulgani na ganin fuskarsa ya sani.

"Ku ɗaura amalanke," in ji Wada. "Ku zo da maza huɗu da tabarma. Mashigin rahi, gindin kuka. Oga ya ce ku aza akwatin bisa amalanken, ku aje shi inda kunka ɗauki Malam. Ya ce wanga karon ran Malam ɗaya ya isa."

Tani ta fito har ƙofar zaure, babu ko mayafi. Ta ji duk abin da aka ce. Ta dafa bango ta yi tambaya da wata murya siririya.

"Ciwon na ya ɗauke shi, ko? Amma ya dai ji na amsa?"

Wada ya cire hula ya murƙushe ta a hannu.

"Tani, ki yahe mani. Ƙahwar Malam lahiya lau take. Bai taɓa ba ni saƙo gare ki ba, ban ma samu magana da shi ba sai jiya. Abin da anka ce in hwaɗi shi na hwaɗi, ni ma da iyalina. Kullum azahar oga ka zaunar da shi, a aza waya gabanai, Jabir shi buga lambar. In shiru ya biyo, sai Malam shi ce, ai na hwaɗa maku babu, shi tashi shi koma inuwa. Oga har ya hwara gajiya. Shekaranjiya da kunnena na ji ya ce in an gama dawa a maida tsohon ga gida."

Tani ta sulale ta zauna a dokin ƙofa.

"Jiya kafin salla Malam ya kira ni gefe," Wada ya ci gaba. "Ya ce in na shigo gari in ce ma Abdulgani Allah shi yi mai albarka, ya san abin da shika nuhi. Daga nan anka zaunar da shi. Ta hwarko shiru. Ta biyu sai wayar ta nuna."

Da ƙyar Abdulgani ya ce, "Bai ce komi ba?"

"Ya daɗe shina kallon wayar. Ya tambayi Jabir ko na'ura na yin kuskure, Jabir ya ce ba ta yi. Sai ya girgiza kai ya ce, to ba Abdulgani na ba, wani dai ya taɓa. Oga ya tambaye shi wa, ya ce bai sani ba, amma ɗanai ba shi yin haka. Ya roƙi ruwa ya yi alwala."

Tani ta ɗago kai ta dubi ɗanta. Shi bai iya dubanta ba. Ya wuce turke ya kwanto shanun amalanke, ya ɗora musu karkiya, ya yi ta ƙoƙarin ƙulla igiyar tana kuɓuce masa, har Wada ya zo ya karɓa ya ƙulla.